Shekarar da Muka Jira Taki

Shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gidanmu ranar Talatar da ta wuce. Ni na fara ganinta, ina shanya a tsakar gida. Ta tsaya shiru tana kallon gabas, kamar wadda aka aiko ta duba hanya. Zafin bazara ya kai inda ruwan randa ma ɗumi yake yi, kaji sun baje fukafukai a gindin rumbu, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi. Amma da yamma hadari yakan leƙo, ya yi baƙi can wajen Saulawa, ya aiko da wata iska mai ƙamshin ƙasa, sannan ya koma abinsa.

Hutu na zo daga Makarfi, inda nake koyarwa. Gidanmu yana wani ɗan ƙauye ne a yankin Janfalan, inda kowa ya san gonar kowa. Ina nan zaune a zaure ina shan iska sai ga Yaya Nasiru a kan mashin. Shi ne babba a cikinmu 'ya'yan gidan, kuma yanzu shi ne sakataren wata jam'iyya a mazaɓarmu. Ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya sha ruwa, sannan ya juyo kaina.

"Ma'u, gara da na same ki. Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane tunani, zo ki taya ni. An ce kowace mazaɓa ta kawo abin da ya fi damun jama'arta, wanda in ɗan takararmu ya riƙe shi zai samu ƙuri'a. Jibi za a zauna. Wasu sun ce wuta, wasu sun ce hanya, matasa sun ce aiki, masu waya sun ce sabis. Kowa da nasa. Wanne za mu sa a gaba?"

Idona ya tafi kan keken Baba da ke jingine a bangon zaure. Tsohon keke ne, fentinsa ya koɗe, kuma a bayansa akwai buhu naɗe, an ɗaure shi da roba. Kallonsa kawai na yi, sai ga ni na koma wata shekara, ina aji huɗu a firamare.

A wancan zamanin akwai abin da ba ya saɓawa a gidanmu. Da an gama kaka, an kai amfani gida, Baffa Juli yakan iso da garkensa. Bafulatani ne dogo, siriri, mai sanda a kafaɗa, kuma tun ba a haife ni ba yake sauka a gonarmu. Shanunsa su ci kara da harawa, su kwana a gonar, ana matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan har ko'ina ya samu taki. Baba kuma ya ba shi dammunan dawa. Haka suka gada, ba wanda ya taɓa zama ya tsara. Ni abin da na sani shi ne, in suka iso, safiyarmu takan cika da kukan maruƙa da ƙamshin hayaƙin ruga, matarsa Hajjo kuma takan ajiye mini kindirmo a 'yar ƙwarya.

A shekarar da nake faɗa, ana shirin zaɓe. Muna cikin girbin dawa wata motar a-kori-kura ta shigo garin da lasifika, yara na binta a guje. Aka taru a gindin tsamiyar bakin kasuwa. Ɗan takara ya hau bayan motar da farar babbar riga, ya yi magana mai daɗi. Na manta yawancinta, amma guda ɗaya ta zauna mini, don ita ce Baba ya shigo da ita gida: in sun hau, kowane manomi zai samu takin zamani a rabin kuɗinsa, buhu-buhu, ba sai ya san kowa ba.

Baba ba mutum ne mai rawar kai ba. Amma ya daɗe yana kallon gonakin masu hali, yadda masararsu ke yin baƙi-baƙi don kore, yadda suke cika ɗaki da buhuna, mu kuwa kullum dawa da gero, abin da za a ci ne kawai. Sai ya yanke shawara. Ya sayar da kara da harawa ga masu turke. Dawar da ya saba ba Baffa Juli, ya haɗa da wata daga rumbu, ya kai kasuwa, ya sayo irin masara mai kyau, ragowar kuɗin ya ajiye na taki.

Ranar da Baffa Juli ya iso, ina tsaye bayan Baba a bakin gona.

"Kaɗo, na iso," in ji shi, bayan sun gama doguwar gaisuwa. "Ta ina zan fara bana?"

Baba ya cire hula ya sosa kai. "Bana dai ka yi haƙuri, Juli. Na buhu za a kawo mana."

"Na buhu?" Ya dubi gonar da aka share, ya dubi Baba. "To, madalla. Shi ma da ƙafa huɗu zai zo?"

"Da mota zai zo."

"Ah, to ai ya fi nawa sauri."

Suka yi dariya su biyu. Ya ɗaga sanda, ya kira shanunsa da wannan kiran nasu, suka bi burtali suka nufi wajen Saulawa. Na tsaya ina kallonsu har farin bayansu ya ɓace. Ni kindirmona nake jimami.

Inna ba ta yi gardama ba, ba halinta ba ne. Da ta kawo wa Baba abinci dai ta ce, "Malam, dawa tana haƙuri da mutum, masara ba ta yi. Ka bar mini gefen gawon nan, inda shanu suka fi kwana bara, in zuba 'yar dawata."

"Ke dai ba kya rabuwa da tsoro," in ji Baba. Amma ya bar mata.

Aka yi zaɓe, mutumin ya ci. Baba ma shi ya zaɓa, ya dawo da tawada a yatsa yana nuna mana.

Ruwa ya sauka da wuri a shekarar, kuma ruwa ne mai hankali. Ba wanda zai ce sama ta yi mana rowa. Na tuna safiyar shuka, ƙasa ta yi laushi kamar an tankaɗe ta, Baba yana gaba yana sara da sungumi, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Sanyin ƙasar yana shiga tsakanin yatsun ƙafata. Ba a jima ba masara ta tsiro, layi-layi, siriri, kowane tsiro da ɗigon raɓa a bakinsa. Da hantsi in rana ta haska su sai in ga kamar gonar ce take buɗe ido.

Aka yi noman farko. A lokacin ne masara ke son taki, tana ƙarama, kafin ta kai gwiwa. Sai Baba ya naɗe buhu, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi cikin gari inda aka ce za a raba.

Ya dawo da buhun yadda ya tafi da shi. An ce waɗanda suka ci ba su gama zama ba tukuna.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya koma. An ce ana hanya. Ya sake komawa, aka ce ya iso, yana cikin sito, amma ana jiran wani babba ya zo ya ƙaddamar. A kasuwa akwai taki, sai dai kuɗinsa ya ninka wanda Baba ya ajiye, kuma kullum ce masa ake yi mako mai zuwa. Wa zai sayi ɗan kaɗan da tsada alhali mako mai zuwa zai samu da yawa? Haka ya yi ta jira, haka maƙwabtanmu ma.

A nan na koyi sauraron keke. Keken da ya ɗauko kaya yana da murya dabam, sarƙarsa tana nishi, tayarsa tana danne yashi. Wanda bai ɗauko komai ba kuwa ƙaraurawa yake yi, komai nasa yana kaɗawa. Tun Baba yana bayan masallaci nake sanin amsa. Sai in shiga in ce wa Inna, "Bai samu ba." Ita kuma ta ce, "To, kai masa ruwa."

Masara ta fara sauya launi daga ƙasa. Ganyen gindi ya yi ruwan ɗorawa, sannan na samansa, har gonar gaba ɗaya ta koma kamar an wanke mata kore. Ruwa bai fasa ba, kullum yana zuwa kamar mai cika alkawari, yana zuba a kan abin da ba ya iya amfana da shi. Wata safiya na ga wasu furanni sun fito a tsakanin kunyoyi, 'yan ƙanana, ruwan hoda, masu kyau ƙwarai. Na tsinko da yawa, na cika hannu, na kai wa Baba inda yake maimai, wato noma na biyu.

Ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya daɗe yana kallon hannuna.

"Sun yi kyau, Ma'u," ya ce a hankali. "Wuta-wuta ke nan. Ita ce ke cinye mana tuwo ta ƙarƙashin ƙasa. In gona ta gaji ne take fitowa. Ki ci gaba da tsinkowa, amma ki haɗa da saiwar."

Na ci gaba da tsinkowa. Har yau in na ga wannan launin a jikin atamfa sai gabana ya ɗan faɗi.

Marka ta kama, ruwa ba dare ba rana, sama ta yi toka-toka ta ƙi buɗewa. A lokacin ne rumbu ya fara nuna ƙasansa, don dawar da aka sayar ita ce da za ta kai mu sabon amfani. Da, Inna daga bakin rumbu take miƙa hannu. Yanzu sai ta shiga ciki gaba ɗaya, mu ji ƙwarya tana kartar ƙasa. Tuwon rana ya tafi. Na dare ya koma fate, tsaki kaɗan, rama da yawa. Da safe mu fita da ƙwarya mu tsinko tafasa a bakin hanya, Inna ta dafa, ta matse, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli. Zogalen bayan ɗaki sai da muka bar shi tsirara. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika madafa, idon Inna kullum ja, ban san ko na hayaƙin ne kaɗai ba.

Yunwar marka ba ta da hayaniya. Takan sa mutum ya kwanta a tabarma yana kallon ruwa na zuba daga indararo, jikinsa ba nauyi, tunaninsa yana yawo. Nakan ga gajimare kamar curin tuwo. Nakan ji ƙamshin man shanu inda babu shi. Kuɗin takin da Baba ya ajiye, da kaɗan da kaɗan suka koma tiyar hatsi.

Yaya Nasiru yana makarantar kwana a lokacin. Da aka ba su dogon hutu, kwana ɗaya ya yi a gida aka tura shi Taba wajen Gwaggo, aka ce ya je ya taya mijinta aikin rake. Daga can Gwaggo ta aiko mana da rogo, muka yi kwanaki muna dafawa.

Ranar da taki ya fito, na ji keken tun daga nesa, muryarsa ta ɗan sauya, amma kaɗan. Baba ya sauke buhun da hannu ɗaya. An haɗa mutane da yawa a buhu guda, aka auna musu da mudu. Nasa ya tsaya a gindin buhu, fari tas, kamar gishiri.

"An yi kiɗa," in ji shi. "An yi jawabi. Babban ya yanka ƙyalle."

A lokacin masara ta riga ta yi goyo, gemunta ya fara bushewa, goyon kuwa bai fi hannun jariri ba.

Inna ta ce, "Malam, a zuba?"

"A zuba wa wa? Ta gama abin da za ta yi."

Inna ta juye shi a tsohon tulu, ta rufe bakin da leda, ta ɗaure, ta tura ƙarƙashin gado. Baba bai zagi kowa ba. Ya kakkaɓe buhun, ya naɗe, ya mayar bayan keke.

Da kaka muka karya masara cikin yini guda, abin da aka yi zaton sai an kira gayya. Dawar Inna ta gefen gawo kuwa ta yi kai, ta sunkuya. Ita ce ta riƙe mu, da ita da waken da aka zuba a tsakani, ana ci ana lallaɓawa. Inna ba ta taɓa cewa ai dama ta faɗa ba. Rumbu dai bai kai rabi ba, kuma kowa a gidan ya san gonar ta gaji. In aka sake shuka a kanta haka, baɗi sai ta fi bana muni.

Muna nan wata la'asar sai na ji kukan shanu ta burtali. Na riga Baba isa gona. Baffa Juli ya tsaya a bakin iyaka, bai shigo ba, yana kallon siraran karan masarar nan.

Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi gajiya, suka tambayi shanu, kamar ba abin da ya faru.

"Kaɗo, ina mai motar?"

"Ya iso. Yana cikin tulu."

"Cikin tulu!" Baffa Juli ya riƙe haɓa. "Nawa dai bai taɓa shiga tulu ba."

Baba ya yi murmushi, sannan ya sunkuyar da kai. "Juli, ba zan ɓoye maka ba. Bana ba ni da dawar da zan ba ka. Karan ma ga shi kana gani."

Baffa Juli ya ɗaga sandarsa. Ya juya ya yi wa shanun kira, suka fara ketare iyaka ɗaya bayan ɗaya, suna shiga gonar kamar masu komawa ɗakinsu.

"Su suka ja ni nan," ya ce. "Sun saba da gawon nan. Ka je ka yi musu bayani in za ka iya."

Washegari Hajjo ta aiko da nono a babbar ƙwarya, ba 'yar ƙarama ba, kuma haka ta yi ta aikowa har suka tashi. Da damina ta dawo gonar ta yi baƙi, ta yi laushi. Baba ya raba ta, dawa ta ɗauki mafi yawa, masara ta samu gefe, aka fasa tulu aka zuba mata tana ƙarama. Ta yi kyau kuwa.

Shekaru sun wuce da yawa. Burtalin nan ya yi ta tsukewa, gonaki na cin sa ta kowane gefe, har ya zama 'yar hanyar da mashin kawai ke bi. Daga baya ɓarayin shanu suka addabi daji, Baffa Juli ya kwashe abin da ya rage masa ya yi kudu. Tun muna jin labarinsa a bakin masu zuwa kasuwar shanu har muka daina. Gawon yana nan, amma ba abin da ke kwana a gindinsa. Yanzu gonar Baba buhu kawai take jira.

"Ma'u! Ina kika tafi ne?" Yaya Nasiru ya tafa hannu a gabana. "Ke kam ba kya canzawa. Ana magana kina sama."

"Taki," na ce.

Ya yi tsaki na wasa. "Haba malama. Duk jam'iyyu taki suke cewa. Mu ma shi muka ce wancan karon. Sabon abu nake nema."

"Suna cewa taki, Yaya, amma ba sa cewa yaushe. Ku ku faɗi lokaci. Ku ce kafin ruwan shuka zai kasance a hannun mutane, ko da babba ko ba babba. In da hali ma ku fara nunawa tun bana, tun ba ku roƙi kowa ƙuri'a ba. Sannan ku yi maganar burtali da tsaron daji, ko shanu sa dawo gonaki."

"Burtali kuma? Wa zai yi tafi don burtali?"

Inna ce ta amsa daga bakin ƙofa, tana tsince irin dawa a faifai. Ba ta kiran sunansa, don shi ne ɗan fari. "Kai wannan, ka tuna hutun da aka tura ka Taba?"

"Aikin rake? Na tuna mana. Na sha mazarƙwaila har ta ishe ni."

"Wane aikin rake ake yi da marka? Bakin ci guda muka rage a gidan."

Yaya ya dube ta, ya dube ni. Sai na ba shi labarin, a taƙaice, ba kamar yadda na rubuta shi a nan ba. Ya san an yi shekara mai wuya, amma bai san ta ciki ba. Ya shiga juya makullin mashin a hannu.

Can ya ce, "Baba, kai fa? In mun faɗi lokaci, za ka zaɓe mu?"

Baba yana gyara ƙotar fartanya, bai ɗago ba. "Ni ban taɓa fashin zaɓe ba, Nasiru. Wanda na zaɓa kuwa tsakanina da akwati ne. Amma ka tambayi ƙanwarka, ta san muryar keke. In ta ce mini ya yi nauyi kafin masara ta kai gwiwa, to sai mu yi magana."

Ranar taron da safe hadari ya haɗo sosai, iska tana kaɗa ƙofar zaure. Yaya ya fito da sabuwar hula, ya tada mashin. Baba ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya je wajen keke, ya kwance buhun nan, ya zo ya ɗaure shi a bayan mashin ɗin, ya ja robar da kyau.

"Baba, taro fa za ni, ba rabo ba."

"Na sani. In aka zo kanka, ka ajiye musu shi a kan tebur. Ka ce shamuwa ta sauka tun Talata."

Yaya ya buɗe baki kamar zai yi dariya, sai ya fasa. Ya taɓa buhun ya ji ya ɗauru, ya ce, "To, Baba," ya tafi.

Bai kai bayan masallaci ba ɗigon farko ya faɗo, manya-manya, ƙasa ta saki ƙamshinta. Inna ta miƙo mini faifan iri in shigar ɗaki, ta ce dawa za a fara shukawa, masara ta jira a ga abin da mashin zai dawo da shi. Na shigar, na dawo na zauna a zaure kusa da Baba. Ruwa yana dukan kwano, ni kuwa na sami kaina ina kasa kunne wajen hanya.